Jakin Katako Ba Ya Ƙarya

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen aikin katako na FCE (T) Potiskum, don Allah mu daina raina jaki. Ba na kiwo ba fa, wannan mai ƙafa huɗun da muke ɗora katako a kai mu yanka.

Ni wallahi da shi nake gane hannun mutum. Sabon shiga zai samo tu-bai-fo, ya buga ƙusa inci 4, ƙafafu a miƙe, ya ce ya gama. Wanda ya ɗan kwana biyu ya san sai an buɗa ƙafafun waje, an ɗaure su da katako a tsakiya. Gwani kuwa gurbi yake fafewa da cizal, ƙafa ta zauna daram tun kafin ƙusa ta shiga.

Abin ba na maki ba ne kawai. In jaki yana rawa, zarto zai zame, yatsanka ne zai biya. Kuma bayan NCE takardar ɗaukar aiki tana iya yin jinkiri, amma wanda jakinsa ya tsaya, tebur da gadonsa ma za su tsaya, masu saye su zo.

Allah Ya sa wa hannuwanmu albarka.