Na Je Buji Da Bazara: Dabba Ma Tana Bukatar Inuwa

 A hutun makaranta na watan Afrilu na tafi ƙasar Buji gaida goggona, ƙanwar mahaifina, na kwana tara a wurinta. Abin da na gano can game da dabbobinmu shi nake so in ba ku labari yau, don na san cikin masu karanta wannan fili da wuya a sami wadda ba ta da ko 'yar akuya ɗaya a turke.

Ga wadda ba ta san wurin ba, Buji ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, cikin masarautar Dutse, hedkwatarta kuwa Gantsa. Garuruwanta sun haɗa da Buji kanta, da Kawaya, da Kukuma, da Ahoto, da Churbun. Hausawa da Fulani ne ke zaune cikinta, suna noma gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, suna kuma kiwo. Kiwon shanu a wannan yanki daɗaɗɗen abu ne ƙwarai. A Birnin Kudu, maƙwabciyar Buji, akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen da can suka yi, har da waɗansu irin shanu marasa tozo da ba a ganinsu a nan yanzu.

Na bar Dutse da sassafe, duwatsun garin da itatuwan dabino suna bayana. Kafin in sauka Gantsa hantsi ya dubi ludayi, iskar da ke shigowa ta tagar mota sai ka ce daga bakin tanda take fitowa. Daga nan na hau babur zuwa ƙauyen su Goggo. Gonaki duk an share su fes, ba komai sai tsibin taki nan da can. Muka yi ta wuce amalanke, bijimai biyu-biyu suna ja, bakinsu yana dalala. A wata gona na ga garke guda sun cunkushe ƙarƙashin gawo ɗaya tak, kowace tana neman cusa kanta ciki, makiyayin ma yana tsugune a tsakiyarsu. Ga kuka babba kusa da su, amma ba dabba ko ɗaya a gindinta, sabili da da rani kuka tsirara take, ba ta da ganye.

Da na shiga gida aka gaisa, na sha ruwa, sai na ga tsakar gidan ta yi mini fayau. Na ce, "Goggo, ina dalbejiyar nan da muke wasa a gindinta?"

Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Bara da abinci ya yanke aka sayar wa masu itace."

A inda itacen yake dā, nan saniyarta ke ɗaure, fara mai baƙin kunne, da ɗan maraƙinta. Wannan saniya ita ce dukiyar Goggo duka. Da nononta take sayen gishiri da sabulu da littattafan autarta. Ta ce mini tun shigowar bazara nonon ya ragu da rabi, saniyar ba ta cin dusa da rana, ga rama. Ta sayi magani a kasuwa har sau biyu, a banza. Har ta fara zaton ko baki ne ya kama ta.

Washegari na zuba ido. Da asuba saniya lafiya lau, tana cin harawa. Da azahar kuwa ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai, haƙarƙarinta yana sama yana ƙasa. Na duba agogo na ƙirga numfashinta, ya haura 80 a minti ɗaya. Alhali saniya mai lafiya da ke hutawa a inuwa ba ta cika wuce 40 ba. Nan da nan na tuna wani darasin noma da aka yi mana a kwalejin horon malamai, kan wata dabba da ba mu kiwonta a nan, watau ɓaunar gida.

Mu ɓaunar da muka sani ta daji ce, irin wadda ke gandun Yankari, ba mai iya sa mata igiya. Amma a Indiya da Pakistan da Masar akwai 'yar'uwarta da ake kiwo kamar saniya, a tatse ta, a yi huɗa da ita. A ƙidayar dabbobi ta 2019 Indiya kaɗai tana da ɓauna kusan miliyan 110. Nononta ya fi na saniya kauri da mai, da shi ne ma mutanen Italiya ke yin cukunsu da ake kira mozarela. To, duk da cewa dabbar ƙasashe masu zafi ce, rana tana wahal da ita ƙwarai. Fatarta baƙa ce, tana zuƙar zafi, gashinta kaɗan ne, ƙofofin guminta kuma ba su wuce kamar kashi ɗaya cikin shida na saniya ba. In aka bar ta a rana sai ta daina ci, nono ya ja baya, ta ƙi ɗaukar ciki. Sabili da haka masu ita ba sa wasa da abu biyu, inuwa da ruwa. Da tsakar rana sukan kora ta kududdufi ta kwanta ciki, hanci kaɗai a waje. Inda ba kududdufi sai a ɗaure ta a rumfa ko gindin itace, a riƙa kwara mata ruwa. A wurinsu inuwa tana cikin lissafin kiwo, daidai da dusa.

Shanunmu sun fi ɓauna sa'a. Farar saniyar Fulani da ake kira Bunaji gashinta fari ne, yana mai da hasken rana, fatar da ke ƙarƙashi kuwa baƙa ce, tana kare ta daga ƙuna, tana kuma gumi sosai. Wannan ne ya sa muke zaton rana ba ta damunta. Amma haƙuri yana da iyaka. Zafin jikin saniya kamar digiri 38 da rabi ne, a watan Afrilu da Mayu kuwa zafin gari a Jigawa yakan wuce 40. Zafin ma ƙaruwa yake yi a duk yankinmu: ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. Ga shi kuma tumbin saniya kamar murhu yake, narkewar ciyawa a cikinsa zafi take haifarwa. In ta rasa yadda za ta fid da zafin, sai ta rage ci don ta rage wuta. In ci ya ragu, ina nono zai fito? Shanun Turawa irin Firiziyan, da ruwa biyun da ake samu in an haɗa su da Bunaji, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, su sun fi namu ba da nono, amma sun fi namu saurin galabaita. Wadda ke sha'awar sayensu ta fara shirya inuwa tukuna.

Dabbar makiyayi da ke yawo takan nemi gindin itace da kanta. Ta turke fa? Inda muka ɗaure ta nan za ta wuni, ko a rana ko a inuwa. Hakkinta yana wuyan wadda ta ɗaura igiyar.

Na yi wa Goggo wannan bayani. Ta yi dariya, ta ce, "To, Malama, yanzu kududdufi za mu haƙa mata?"

Na ce, "A'a, Goggo, rumfa kawai."

Samarin gidan suka samo dirkoki shida dogaye, aka kafa rumfa mai tsayi kamar ƙafa 10, faɗinta ya ishi uwa da ɗa su kwanta. Wani ya kawo shawara a rufa da tsohon kwano, na ce a'a, kwano in ya ɗauki rana shi ma toya dabba yake yi, balle in rumfar gajera ce. Aka shimfiɗa kara da zana, aka ɗora dammunan harawa a bisa, ga ma'aji ga rufi mai kauri. Ba a kewaye gefe ba, don iska ta riƙa ratsawa. Kwamin ruwa ma aka jawo shi inuwa. Dā sau ɗaya ake shayar da ita, da yamma. Yanzu ruwa yana gabanta wuni, gama saniya mai shayarwa a irin wannan zafi tana iya shan lita 40 ko fiye, watau jarka biyu. Dusa kuma aka mai da ita asuba da bayan magariba, lokacin da take iya ci.

Ba zan yi muku ƙarya in ce nono ya dawo duka ba. Amma kafin in taho na gan ta kwance da azahar tana tuƙa, ƙwaryar tatsa kuma ta fara nauyi. Goggo ta ce kuɗin maganin nan da ta zubar da sun isa rumfa biyu.

Ina roƙon masu kiwon Sallah su lura da wannan. A 2025 Babbar Sallah ta faɗo a farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. Watau shekarun nan kiwon rago da sa a tsakiyar bazara ake yinsa. Dusar da kika saya da tsada, in dabbar tana haki a rana, ba za ta zama nama ba. Ki riƙa duba ta da azahar. In numfashi ya haura 60 a minti, zafi ya fara cinta. In ta buɗe baki, harshe a waje, tana tangaɗi, maza a kai ta inuwa, a jiƙa mata wuya da gadon baya, a ba ta ruwa, a kira malamin dabbobi. Ki kuma tuna wa maigida bijiman amalanke su yi aikinsu daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Amma rumfa ta shekara ɗaya ce ko biyu, gara da iska za su ci ta. Inuwa mai ɗorewa ita ce itace. Gawo ya fi kowane amfani ga mai dabba, don da rani yake fid da ganye, da damina kuma ya zubar, ba ya tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abinci ne ga tumaki da shanu. Tsamiya da mangwaro da ceɗiya duk suna da inuwa mai sanyi. Dalbejiya, wadda waɗansu ke kira maina ko dogon yaro, asalinta daga wajen Indiya ne, ƙasar ɓauna, an fara dasa ta a Borno wajen 1928, ga saurin girma. Giginya kam kun san abin da aka ce, inuwarta na nesa ka sha. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin yana yiwuwa. Tun wajen 1983 manoman can suka fara barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon sarewa, har aka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo.

Ban ga laifin Goggo ba da ta yarda aka sare dalbejiyarta, yunwa ba ta da kara. Na kuma sani mu ne ke neman itacen girki kullum. Amma mu ɗin ne ke tatsa, mu ke ba da dusa, mu ke asara in dabba ta rame. Ranar da zan taho mun tono 'yar dalbejiya a bayan gari muka dasa a yammacin turke, aka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Autar Goggo aka ɗora wa ba ta ruwan wanke-wanke kullum. Ni ma da aka koma makaranta na sa kowace yarinya a ajina ta je ta dubo inda aka ɗaure dabbar gidansu da azahar, ta zo ta faɗa mini. Ke ma, 'yar'uwa, gobe in rana ta take ki leƙa turkenki, ki tsaya inda dabbarki take tsaye na minti biyar. In kin kasa, to, ita ma daurewa take yi.