Kunyar da Ke Cutar da 'Ya'yanmu



A daren Talatar da ta wuce, bayan kowa ya kwanta, na fito tsakar gida domin in yi alwala, sai na tarar da 'yar ƙanena mai shekara 12 tsugune a bakin famfo cikin duhu, tana cuɗa rigarta ta makaranta, tana kuka ƙasa-ƙasa. Da na dafa kafaɗarta, abin da ta iya furtawa shi ne, "Goggo, ciwo ne ya kama ni, kada ki gaya wa Baba." Ashe kwana biyu ke nan tana tare jinin hailarta ta farko da tsumma, alhali kuwa gidan cike yake da mata, kowaccenmu ta bi ta wannan hanya, amma ba wadda ta taɓa kiranta ɗaki ta sanar da ita.

Mu tuna da 2019, lokacin da ƙura ta tashi a Gana a kan shirin koyar da ilmin jinsi a makarantun boko, malamai da limaman coci suka ƙi, har gwamnati ta ce ba za a yi ba. To, da muka ce tarbiyya hakkin iyaye ce, nauyin da muka ƙwato ɗin nan, mun sauke shi kuwa? Bisa haƙiƙa wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu, domin duk wanda ya karanta Ahalari da Iziyya da Risala a gaban malami ya san cewa fuƙaha'unmu na Malikiyya sun yi bayanin haila da mafarki da wankan tsarki dalla-dalla, saboda da balaga ne yaro ke zama mukallafi, salla da azumi su wajaba a kansa. Nana A'isha ma ta yaba wa matan Madina, don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Hatta maƙwabtanmu Asante suna da al'adar bragoro, inda dattawan mata ke karantar da budurwa.

Kafintocin unguwar Anloga ta Kumasi sun fi kowa sanin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun yarinya tana shekara 9 ko 10 ya kamata uwa ko goggo ta shaida mata cewa jinin alamar lafiya ne, ciwon mara kaɗan da rikicewar kwanaki a shekarun farko ba abin firgita ba ne, a riƙa sauya ƙunzugu a kai a kai, a ci wake da kifi da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, domin ƙarin jini, in kuwa jinin ya zarce mako ko ciwon ya tsananta, a tafi asibiti. Namiji kuma uba ko kawu ya zaunar da shi tun kafin muryarsa ta buɗe, ya koya masa hukuncin mafarki da wanka. Dukansu biyu a gargaɗe su cewa ba wanda aka yarje wa taɓa al'aurarsu, in wani ya gwada su faɗa.

A 2025 gwamnati ta fara raba wa ɗalibai mata audugar mata kyauta, amma kwantar da hankalin yarinya aikin gida ne. A daren Talatar nan na ɗora ruwan zafi, na zaunar da 'yar ƙanen nawa a kan tabarmata, na ce, "'Yata, lafiyarki lau, girma ne ya zo." Ƙanwarta tana shekara 9, kuma gobe in sha Allahu da ita zan zauna.

Allah Ya shirya mana zuriya.