Dogo Da Zaɓen Mota

Tun ina makarantar firamare ba mai kirana da sunan yanka, sai Dogo. Tsawona ƙafa 6 ne da inci 4. A aji tsawon nan ya yi mini rana, gama ba na hawa benci in zan yi rubutu a saman allo, ba kuwa yaron da ke iya ɓuya mini a bayan wani. Amma ran da na shiga sha'anin mota, ran nan na san kowace baiwa da irin nauyinta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ma dogo ne. Yana da Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Yakan shiga da hularsa da babbar rigarsa, ya zauna daram. Saboda haka na tashi ina tsammanin kowace mota haka take, ka shiga kawai ka ja.

A 2016 na haɗa ɗan abin da na tara na albashi da na adashi, na nufi kasuwar motoci a Ikko. Wani dillali ya nuna mini wata 'yar ja, tana walƙiya, ya ce ba ta shan mai. Na kewaye ta sau uku, na shuri taya, na leƙa inji kamar na san abin da nake dubawa. Zaman da na yi a cikinta bai kai minti ɗaya ba. Na ƙirga kuɗi na biya.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, na ɗebi mai ɗakina da yaranmu biyu daga Badun za mu Kaduna. Kafin mu kai Ilori bayana ya riƙe. Hula kuwa tuni na tuɓe ta, don duk ramin da muka faɗa sai kaina ya gaisa da rufi. Mun ƙetare gadar Jebba ke nan, ba mu kai Mokwa ba, sai ga garken shanu ya faɗo hanya. Na ɗaga ƙafa daga totur zan taka birki, sai gwiwata ta bugi ƙarƙashin sitiyari ta maƙale. Jinkirin bai fi ƙiftawar ido ba, amma da motar ta tsaya, tsakaninmu da wani bijimi bai kai kamu biyu ba. Muka yi tsit. Can mai ɗakina ta nisa, ta ce, "Malam, motar nan ba taka ba ce."

Gaskiyarta. Motar ba ta da laifi, wanda ya saye ta daga hannuna matsakaici ne, ya ji daɗinta ƙwarai. Ni ne na sa rigar da ba a auna ni ba. Na sayar da hasara, na yi shekara guda ina bin motar haya, ina tambayar makanikai da tsofaffin direbobi a Sabo. Ga abin da na koya.

Da fari, ba girin-girin ba, ta yi mai. Girman mota a waje ba ya nuna faɗinta a ciki. Akwai manyan jif da daɓensu ya yi tudu, ka zauna gwiwa ta taso kamar mai zama a kan turmi. Sai an shiga akan sani.

In ka shiga, tura kujera baya, ka taka birki ko kuloci har ƙasa. Ya kamata gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa. Sa'an nan ka yi ta sauya ƙafa daga totur zuwa birki kamar sau 10, da sauri. In gwiwa ta taɓa wani abu ko sau ɗaya, fita ka ba mai mota makullinsa.

Na biyu, kai. Zauna sosai da hularka, ka ga ko dunƙulen hannu zai shiga tsakaninta da rufi. Motar da ke da tagar gilashi a sama takan ci wuri, don gilashin da ƙarafan da ke jansa a ƙarƙashin rufin suke. Kujerar da ake iya saukarwa ƙasa kuwa, ita ce babbar abokiyar dogo.

Na uku, sitiyari. Dogo in ya tura kujera don ƙafa ta sake, sai hannu ya yi nisa. Maganin wannan shi ne sitiyarin da ake ɗagawa sama, ake kuma jawowa wajen ƙirji. Jingina kafaɗa da kujera ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. Amma ka bar aƙalla inci 10 tsakaninsa da ƙirjinka saboda jakar iska, gama da ƙarfi take fashewa. Kada kuwa ka kwantar da kujera don neman wurin kai, don in an yi karo mutum kan sulale ta ƙarƙashin bel.

Na huɗu, matashin kai. A ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kanka. In ya tsaya a ƙeya, ran da wani ya buge ka ta baya wuya ne zai sha wahala.

Daga ƙarshe, ka bar kujerar yadda ka gyara ta, ka koma baya ka zauna, ka ga abin da ka rage wa iyalinka. Kada kuma ka biya sai ka tuƙa ta kamar rabin sa'a, har da hanya mai gargada.

Haka na yi a 2018. Dillalai suka yi ta dariya, wai ga malami yana auna mota kamar tela. Na bar su da dariyarsu. Wadda na zaɓa ba ta kai ta farko kyau ba, ta kuma fi ta shan mai, amma na kai Kaduna da hulata a ka.

To, ku ɗalibanmu, gobe kaɗan za ku kama aiki, hannu ya ɗan yi nauyi, sha'awar mota ta taso. Dogayen cikinku su tuna da bijimin Mokwa. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.