RUWA BA YA TSAMI BANZA

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ba. Labarin kwamfuta ne da wasan yara. Amma don Allah 'yar uwa kada ki ce ba ruwanki ki juya shafi, domin abin da na aikata a dalilinsa na tabbata da yawa cikinmu sun taɓa aikata irinsa, sai dai wata a kan tukunya, wata a kan waya, wata a kan keken ɗinki.

Ina da wata 'yar laftof da na saya ta hannu da cinikin littafina na uku. Kafin in same ta a littafin 'yan makaranta nake rubutu, in kai wa mai taifin in biya shi shafi-shafi, ya cika min aikin da kurakurai. Da na same ta sai ta zama ita ce shagona, ita ce jarina. A hunturun 2024 akwai wani labari a cikinta da na kai shafi 280, wata tara ina fama da shi, kuma wallahi babu kwafinsa a ko'ina sai nan.

A hannuna kuma akwai 'yar yayata, Allah Ya ji ƙanta da rahama. Sunan mahaifiyarmu yarinyar ta ci, shi ya sa nake kiranta Mamana. Shekarunta 14 a lokacin, shiru-shiru ce, ba ta da rawar kai. Ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya nakan ba ta kwamfutar ta yi gem ɗinta, wani wasa da ake gina gida a zuba masa kaya, a ƙirƙiri mutane a ɗinka musu sutura. Ni kaina wani lokacin nakan zauna bayanta ina cewa sa wannan labulen, cire waccan kujerar.

Ranar wata Alhamis ina kicin ina tuƙa tuwo sai ga ta jiki na rawa, ta ce, “Anti, zo ki gani.” Ina zuwa na tarar fuskar kwamfutar tana ƙiftawa, ta yi baƙi, ta dawo, wasan ya rufe kansa. Ta sake buɗewa ya sake mutuwa. A karo na uku sai wasu zane-zane masu launi suka cika fuskar, komai ya ƙame, linzamin ma ya ƙi motsi. Ke dai bari 'yar uwa! Gabana ya yanke ya faɗi, ba abin da nake gani sai shafi 280 sun bi ruwa. Ban tambaye ta komai ba na rufe ta da faɗa, na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, har bakina ya kai ga cewa, “Ai dole ki lalata, tunda ba a gidanku aka saya ba.”

Marainiya fa na gaya wa haka. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Daren nan tuwonta a rufe ya kwana.

Washegari na aika ƙanina da ita wajen wani mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce katin zanenta ya ƙone, kuma sai an yi mata fomatin, wato a goge komai a sake zuba wani. Da ƙanina ya bugo min waya ya faɗi kuɗin, ya kuma ce za a goge komai, sai na ce maza ya dawo min da abata, kada wanda ya taɓa ta.

Allah cikin ikonSa, akwai wata amarya da ta tare a maƙwabtanmu wadda ta yi difloma a kan kwamfuta. Ta shigo aron turmi ta same ni na zabga tagumi. Da na koro mata bayani ba ta ko kalli kwamfutar ba, sai ta ce, “Yaya, ranar Laraba lafiya lau take?” Na ce lafiya lau. Ta ce, “To me ya canza tsakanin Laraba da Alhamis? Ruwa ba ya tsami banza. Kira min yarinyar.”

Mamana ta fito kanta a ƙasa. Cikin ƙaramar murya ta ce da ta kunna wasan ya ce sai ya sabunta kansa, ya yi ta jan data, ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe caji, kwamfutar ta mutu. Da aka kawo wuta ya ƙarasa. Tun daga nan abin ya fara. Amarya ta dube ni ta ce, “Kin tambaye ta wannan jiya?” Na yi shiru.

Abu na farko da ta sa muka yi shi ne muka kunna kwamfutar ba tare da mun taɓa wasan ba. Ga littafina nan daram, ko wasali bai ɓace ba. Ta sa na kwafe shi a filash, na kuma aika wa kaina ta imel, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Muka kunna bidiyo ya yi tas. Ta ce katin da ya lalace da gaske yawanci ba ya zaɓen inda zai nuna ciwonsa, tun daga kunnawa za a riƙa ganin zane-zanen. Tunda wasan kaɗai ke tayar da rigimar, sai mu fara neman ta can.

Daga nan ta yi min bayanin da har gobe ban manta ba. A cikin kwamfuta akwai abin da ake kira grafik kad, wato katin zane, manyan kamfanonin da ke ƙera shi uku ne, Nvidia da AMD da Intel. Shi ke zana duk abin da ido ke gani, kuma a wasa yakan zana hoto 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Amma wasan ba ya magana da shi kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani da ake kira direba, ita ce tafinta. Yaren da ake magana da shi kuma sunansa DirectX, kuma iri-iri ne: na 9 ya fito a 2002, na 11 a 2009, na 12 a 2015. Sabuntawar da wasan Mamana ya yi ta ɗauke shi daga tsohon yare zuwa wanda ya fi shi sabunta. To idan tafinta ya tsufa, aka zo masa da zancen da bai saba ba, sai ya daburce. Ita kuwa Windows daƙiƙa 2 kacal take jiran katin ya amsa, in bai amsa ba sai ta kashe direban ta sake tayar da shi. Wannan shi ne baƙin da muka gani, shi ne kuma yake sa wasa ya rufe kansa. Har ta buɗe min wani wuri da ake kira Event Viewer, inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, ta nuna min lamba 4101 ta jeru daidai lokutan da abin ya faru. Ashe ita kwamfutar ma ta rubuta gaskiyar magana, ni ce ban iya tambaya ba.

Sai ta ce a kawo takarda da biro, ta miƙa wa Mamana. Ta ce ƙa'ida ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a taɓa na gaba. Wadda ta zuba gishiri da maggi da daddawa lokaci ɗaya, in miya ta ɓaci ba za ta san mai laifi ba.

Muka fara da fayilolin wasan, saboda wutar da aka ɗauke ana tsakiyar saukarwa. Manhajar da ake buɗe wasan ta cikinta tana da wurin da ake danna wa ta duba fayilolinta ta musanya waɗanda suka lalace. Muka yi, muka gwada. Ya mutu. Mamana ta rubuta.

Na biyu, kayan ƙari. Su masu yin irin wannan wasa sukan ƙirƙiri riguna da gyale da kujeru nasu na kansu su saka a intanet, wasu su sauke su zuba a wata folda. Ba masu wasan ne suka yi su ba, saboda haka idan wasa ya sabunta ba sa sabunta tare da shi. Na Mamana sun kai 200. Amarya ba ta goge su ba, sai ta ɗauke foldar gaba ɗaya ta ajiye ta gefe. Wannan karon wasan ya buɗe, muka fara murna, bayan kamar minti goma sai baƙi. Ta ce to an samu rabin hanya, ciwon ya fi ɗaya.

Na uku, direba. Ta danna maɓallin Windows tare da harafin R, ta rubuta dxdiag, sai ga sunan katinmu da shekarar direbansa, 2019. Ta ce, “Yaya, ba kya bari ta sabunta ne?” A nan kunya ta rufe ni, domin ni ce da hannuna na sa aka toshe duk wata sabuntawa don kada ta cinye min data. Ta shiga shafin kamfanin da ya ƙera abin ta sauko da sabon direba, ta gargaɗe ni kada in taɓa ɗauko shi a wani shafi daban, komai daɗin bakinsu. Ta ƙara da cewa wani lokacin akasin haka ake samu, sabon direban ne ke kawo rigima, to a nan sai a shiga Device Manager a nemi katin a danna Roll Back Driver, tsohon ya dawo. Shi ya sa tambayar farko ita ce wa ya canza, wasan ko direban.

Muka kashe muka kunna. Da farko wasan ya riƙa ɗingishi, na ce shi ke nan. Ta ce in yi haƙuri, bayan sabon direba sai ya sake shirya kayan zanensa, zai warware. Haka kuwa aka yi. Rabin awa bai mutu ba, sai dai fankar ciki tana ta gurnani. Amarya ta sa hannu ƙarƙashinta ta janye da sauri, ta ce a ina ake ɗora ta? Na ce a kan katifa ko filo. Ta ce kun toshe mata hanci. Ta leƙa ramukan iska, ƙurar hunturu ta yi musu dam. Muka kashe, ta share da busasshen buroshi, ta ce daga yau sai kan tebur ko faranti, ta kuma rage wa wasan nauyin inuwa da ƙyalli, tunda kwamfutar ba yarinya ba ce.

Saura kayan ƙari 200, wanne ne ruɓaɓɓen? Na ce ai sai mu kwana muna gwadawa ɗaya-ɗaya. Ta yi dariya ta ce a raba biyu. A zuba 100, in ya mutu mai laifin na cikinsu, in bai mutu ba yana cikin ɗaya rabin. A sake raba wa, 50, 25, 13, 7, 4, 2, 1. Gwaji takwas kacal. Ta bar wa Mamana wannan aikin ta ɗauki turminta ta tafi.

Bayan la'asar yarinyar ta zo ta tsaya bakin ƙofa da takardarta, ta ce, “Anti, na gano shi.” Na ce wanne ne? Ta yi jim, kamar ba ta son faɗa, sannan ta ce, “Labulen nan ne mai ruwan zuma.” Allah Sarki! Labulen da ni na matsa mata ta sauko da shi, wai ina son in ga yadda falon tauraruwar littafina zai kasance. Kin ga direba ni na hana shi sabunta, katifa ni na koya mata ɗorawa a kai, labule ni na zaɓa. Cikin duk abin da aka lissafa babu ko ɗaya da yake nata.

'Yar uwa, gyaran kwamfuta yini ɗaya ya ɗauke mu, ko sisi ban biya ba sai kuɗin data. Ɗaya gyaran shi ne mai wuya. Kin san yadda yake da nauyi a wajenmu babba ya ba yaro haƙuri, sai dai a saya masa tsire a wuce wurin. Na so in yi hakan, amma na tuna magana zarar bunu ce, tsire ba ya mayar da ita. Da daddare na same ta a ɗaki na zauna bakin katifarta na ce, “Mamana, ki yafe min. Abin da na faɗa ƙarya ne, nan gidanku ne.” Ta ce, “Ba komai Anti,” sai hawaye. Nima na kasa riƙe nawa. Amma sai da aka yi kusan wata guda kafin ta sake taɓa kwamfutar ba tare da ta kalli fuskata ba tukuna, kuma wannan kallon ya fi min komai ciwo.

Saboda haka ga 'yar shawarata. In wasan yaranki ko na ƙannenki ya fara mutuwa bayan ya sabunta, kada ki yarda a goge miki komai tun ba a bincika ba. Ki kwafe abinki mai muhimmanci tukuna, ki tambayi me ya canza, ki gyara fayiloli, ki janye kayan ƙari, ki duba direba, ki duba zafi, ɗaya bayan ɗaya kina rubutawa. In duk an yi wannan zane-zanen suna fitowa ko ba a cikin wasa ba, to sannan ne lokacin mai gyara ya yi. Kada ki ce aikin maza ne, mace ce ta koya min, kuma yanzu Mamana ce ke duba wa yaran layinmu nasu.

Sannan duk abin da ya lalace a gidanki, ki riƙe harshenki har ki ji ta bakin wanda yake wurin, musamman in ɗan riƙo ne da ba shi da inda zai kai ƙara sai wajen Allah. Littafin nan ya fito, wasunku ma sun karanta shi. Ni dai duk sanda na ga bangonsa tuwon nan da ya kwana a rufe nake tunawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya ji ƙan iyayenmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, amin.

Taku har kullum.