Yadda Hitila ya jinkirta auren kakanmu

Yau a rubuce munka zo muku, makirfo na hutawa.

Akwai wani wasa da muke yi a gidan rediyo in an ɗauke wuta, muna jiran a tada inji. Mutum ɗaya zai ɗauko kan labari na tsohon yaƙi, irin waɗanda mushe ya sa mu haddace a kwaleji, saura su bi sawunsa daki-daki har sai ya iso Dakoro. Wanda ya kasa kawo shi gida, shi ke sayen shayi.

Ga wanda ya fi ba mu dariya. Ran 14 ga Yuni 1940, sojojin Jamus sun shiga Paris. Wannan mun san shi, har maki mun ci da shi a jarrabawa. Abin da mushe bai tsaya ya faɗa mana ba shi ne, da Faransa ta faɗi, Turawan da ke riƙe da Nijar sun bi Marshal Petain, na Nijeriya kuwa suna tare da Ingila. Sai ga Maradi da Katsina, uwa ɗaya uba ɗaya, sun wayi gari ƙarƙashin gwamnatoci biyu masu hararar juna. An matsa tsaron iyaka, kuma haka aka zauna har ƙarshen 1942.

To, iyakar gaskiya ke nan, daga nan ƙarin gishirinmu ne. Iyaka ta matse, goro daga kudu ya yi wuya. Goro ya yi wuya, kakanmu da ke neman aure wajen Kornaka ya rasa abin kai gaisuwa. Surukai sunka ce ba su ƙi shi ba, amma su ba su ba da ɗiya da busasshen baki. Aure ya ja shekara biyu. Babanmu ya zo duniya a makare, mu ma munka biyo shi a makare. Ke nan ba don Hitila ba, da yau mun girmi darakta, da shi ke zuba mana shayi. Wani abokin aikinmu ya ce shi dai diyya yake so, ko ta buhun goro ce, in an san ofishin da ake kai ƙara.

Na biyu: ran 8 ga Mayu 1945, Jamus ta miƙa wuya. Abin da ya tabbata shi ne sojojinmu da aka kwasa sun fara dawowa gida, a 1946 aka soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, a 1947 kuma Turawa sunka kafa bariki a Dakoro. Namu ƙarin kuwa shi ne, wani tsohon soja ya dawo kwarin Tarka da takalmi ƙafa-ciki da kalmar Faransanci guda biyu tak. Ran nan jakinsa ya ɓata masa rai, ya daka masa tsawa: "Gardabu!" Jaki ya ƙame. Kafin ya tuna ɗaya kalmar, aka kira salla. Shi ya sa har yau in kun taso daga Maradi za ku tarar da jikokin jakin nan tsaye tsakiyar hanya, ko oda ba su ji, suna jiran a ce musu "rapo".

Mun daɗe muna wannan wasa muna tuntsira dariya, don labarin ya tsufa, ba ya cizo. Sai watan Agusta na 2023 ya zo. Kun tuna lokacin: bayan 26 ga Yuli, CEDEAO ta rufe iyaka, ko'ina maganar yaƙi ake. Wani maraice mu da bakinmu munka karanta kan labari cewa ana shirin turo sojoji. Ba ƙarya munka yi ba, ana maganar. Amma mun ɗaga murya, mun maimaita har sau uku, mun kuma bar ƙarshen labarin inda aka ce ana nan ana neman sulhu, don lokacin talla ya yi.

Bayan kwana biyu munka iske wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana dawowa daga kasuwa ba awakinta biyu. Ta sayar da su da araha, ta sayi hatsi da tsada, wai kada yaƙi ya same ta rumbu ba kome. Munka ce, "Haba Inna, wa ya ce miki yaƙi ya iso?" Ta dube mu ta ce, "Ƴaƴana, ai ku kunka faɗa. In ban yarda da ku ba, da wa zan yarda?" Yaƙi bai zo ba, awaki kuma ba su dawo ba. Ran nan ba wanda ya nemi a yi wasa, shayin ma ya huce a cikin buta.

A 1940 labari da ƙafa yake tahowa, tare da fatake, kafin ya iso ya sha iska. Yau saƙon murya na WhatsApp kan riga tafasar shayi isa Sakabal da Bermo. Shi ya sa yanzu kafin mu buɗe makirfo muke yin wasan nan, amma da gaske: wannan kan labari, in ya fita bakinmu, tukunyar wa zai faɗa? In akwai rabinsa mai kwantar da hankali, mukan karanta shi ko da talla za ta jira. Ku ma masu portabul, kafin ku tura saƙo gaba, ku ɗan bi sawunsa ku ga gidan da zai kwana.

Inna dai mun haɗa kuɗi mun saya mata ƴar akuya ɗaya, ta sa mata suna Labari. In ta tsinke ta shiga gonar mutane, sai ka ji Inna na kira a taimaka a kamo Labari kafin ta yi ɓarna.

Wasa kuma bai mutu ba. Duk mai tsohon kan labari ya ajiye mana a ƙasa, mu ga ko za mu iya kawo shi Dakoro. In mun kasa, shayi na kanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lahiya.