Godiya ga Baban Gareji na Madawa

Baba, 

Labari ya iske ni a Karofane cewa ka miƙa wa babban yaronka ragamar gareji, ka koma gida ka huta. Na san halinka. In na zo na durƙusa gabanka na fara jero godiya, za ka katse ni ka ce a ɗora shayi. Shi ya sa na rubuta, don jikanka ya karanta maka, ka ji ta tun daga farko har ƙarshe.

A farkon shekarun 1990, da albasar fadamar Tarka ta tara mini ɗan abin da zan kira jari, na zo wurinka da maganar mota. Ban san ka ba a lokacin, wani kawuna ne ya ce in nemi shawararka kafin in fitar da ko dala. Ka tambaye ni abin da zan riƙa ɗauka, da hanyar da zan riƙa bi, da wanda zai duba mini ita in ta tsaya a daji. Da na gama ba ka amsa, sai ka ce, “Ɗana, kak ka sayi motar da ta hi ƙarhin bakaniken garinku.” Ka nuna mini Peugeot 504 akori-kura, haɗin Kaduna, inda kamfanin ya fara harhaɗa motoci tun 1975. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma ka ce kowane ƙarfe na jikinta akwai shi a Ƙonni da Illela da Sakkwato, kuma duk yaron da ya yi shekara biyu a gareji ya san cikinta.

Ba a daɗe ba gaskiyarka ta fito. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare guda. Masu motocin da sai an aiko musu da kayan gyara daga Turai suka ɗora su kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Kayan Najeriya ma sun tashi, amma ba su gagare mu ba, tawa kuwa ba ta daina kai buhunan albasa Tunfafi da Galmi ba. Da wannan motar na yi aure, da ita na gina ɗakin mahaifiyata.

Takardar tuƙi hukuma ce ta ba ni, amma tuƙin ƙasar Adar a hannunka na koya. Wanda ya saba da kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram bai san abin da ke jiransa ba in ya sauka ya yi arewa, inda tudun duwatsu ke yanka taya, gangare ya kai ka cikin rairayi, rairayi ya miƙa ka ga gargada mai kwance kusoshi. Kai ka koya mini in rage iskar taya kafin in shiga yashi, in mayar da ita da zarar na fita. Kai ka hana ni buɗe murfin lagireto yana tafasa, ka ce ka ga fuskokin da ya ɓata. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, kowane mako sai na cire matatar iska na kakkaɓe ta, don ka ce ƙura ta fi tsufa saurin kashe inji. Fetur ɗin kwalba da muke saye wurin ƴan ruwa-ruwa kuwa, ka ce in ɗaga shi a rana in duba gindin kwalbar, in akwai ruwa can yake kwanciya, sannan in tace shi da ƙyalle mai tsabta. Maganar da ka fi nanatawa ita ce ta kori. Ka ce in ruwa yana gudu, ko da iyakar idon sawu ne, in kashe mota in zauna, domin saman da aka yi a kan tudu mai nisa yakan iso kwari ba sallama. Na sha kwana a bakin kori saboda wannan magana, kuma na san gidajen da aka yi zaman makoki saboda direba ya ƙi kwana.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi nauyi a zuciyata. Damina ta 2005 ba ta ɓacewa ga duk wanda ya gan ta. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, rumbuna suka ƙare tun kafin a yi shuka, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu taɓa ji ba. Kuɗin albasata duka ya tafi a cikin tukunya, tamu da ta dangi. A cikin wannan hali zazzaɓi ya kama ƴata ta fari, har ta fara suma. Muka ɗauke ta da dare, ni da uwarta, za mu asibitin Madawa. A tsakiyar hanya bel ya tsinke, inji ya ɗau zafi, fitilu suka dusashe, mota ta mutu. Allah ya kawo wani ɗan kabu-kabu da ke komawa gari, na roƙe shi ya buga maka ƙofa.

Baba, kana bi na bashin gyara a lokacin, kuma ka san ba ni da abin biya. Duk da haka ka zo. Ka zo a kan babur cikin yayyafi, da bel a wuyanka, da batirin motarka ɗaure a baya, da jarkar ruwa tsakanin ƙafafunka. Ba ka tambaye ni komai ba sai, “Yaya yarinya?” Ka sa tocila a baki ka shiga aiki, hannunka yana taɓa ƙarfe mai zafi, ina jin kana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Da ta tashi, ka ce in tuƙa, kai ka biyo mu a baya, fitilar babur ɗinka tana haska mana gefen hanya, har ƙofar asibiti. Sai da aka sa mata ruwa a jijiya, ta buɗe ido ta kira uwarta, sannan ka tafi, bayan an yi kiran assalatu. Da rana ta yi, yaronka ya zo da kwanon fura da saƙo cewa kada in tuna da maganar kuɗi sai albasa ta nuna. Da ta nuna na kawo, ka karɓi tsohon bashi da kuɗin bel, ka ture sauran. Yarinyar nan yau tana ɗakin mijinta a Buza da ƴaƴanta, kuma ta san sunanka tun kafin ta san sunan likitan da ya duba ta.

Bayan wasu shekaru, da Peugeot ta gaji, ka rufe harkokinka ka raka ni Kwatano. Muka bi ta Dogon Dutsi da Doso da Gaya, muka haye gadar Malanbil, muka gangara ta Paraku har bakin teku. Ban taɓa ganin motoci da yawa wuri ɗaya haka ba, an wanke su suna sheƙi, dillalai na jan rigar mutum ta ko'ina. Kai kuwa ba ka kalli fenti ba. Kwanciya kake yi a ƙasa ka ƙwanƙwasa gindin mota, domin gishirin da Turawa ke watsa wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka shafa da yatsa, in ka ga fari-fari ka san ruwa ya haɗu da mai, sai mu wuce. Ka ce kada in yarda da lambar kilomita, ana juya ta, in duba yadda sitiyari da robar birki suka suɗe. A ƙarshe ka tsaya kan wata Toyota Hilux mai shan gazuwal, irin injin da ka ce ka san shi tun zamanin aikin raya ƙasar Keita da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984. Na ga lokacin da dillalin ya ja ka gefe zai sa maka wani abu a aljihu, na kuma ji ka ce masa ya cire shi daga kuɗin motar. Ka dage sai an biya duwan yadda ya kamata, an yi katin mota da inshora, shi ya sa har yau nake tsayawa gaban jandarma hankalina kwance.

Da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, harkoki suka ɗan buɗe, samari da yawa a yankinmu suka sayo motoci na zamani, waɗanda in sun yi ciwo sai an jona musu kwamfuta kafin a san abin da ke damunsu. Ba na zarginsu, motocin akwai daɗin shiga. Ni ma na zo maka da sha'awar canji, ka ce in riƙe abin da ke hannuna. Sai ga 2023. A watan Mayu Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin kwalba ya daina araha. A ƙarshen Yuli, bayan juyin mulki, aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Ƙaramin abu da bai kai tafin hannu ba sai ya ajiye mota wata da watanni. A garejinka kuwa na ga ana gyara abin da a da jefar da shi ake yi, ana nemo na tsofaffin motocin da suka mutu, Hilux ɗina ba ta rasa kasuwa ba.

A wurinmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko amarya, ita ke dawo da gawar wanda ya rasu a nesa, ita ke kawo taki da iri kafin ruwa ya sauka. Duk lokacin da ka tayar da motata, unguwa guda ka yi wa aiki, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskarka ba. Da na faɗa wa liman da dattawa cewa zan rubuto maka, sun ce in sa gaisuwarsu a ciki. Ƙanwata ma ta ce in gode maka saboda ɗanta, maraya, wanda ka karɓa ba tare da ko sisi ba, ka ciyar da shi, ka koya masa sana'a, yanzu yana da rumfarsa a Keita yana riƙe da ita.

Yaronka ya gaya mini cewa yanar ido ta rufe maka ido ɗaya, kuma kana ta ɗage zuwa asibiti. Na riga na yi magana da babban ɗanka, mun tsayar da rana bayan an kwashe albasa. Zan zo da sassafe in ɗauke ka zuwa wurin likitan ido a Maraɗi, mai da abinci da kuɗin aiki duk a wuyana. Don girman Allah, Baba, wannan karon kada ka ture.

Allah ya saka maka da alheri, ya gafarta wa iyayenka, ya ba ka lafiya, ya sa ƴaƴanka da yaran da ka horar su yi maka fiye da yadda ka yi mana. Amin.

Naka, ɗanka na Karofane.