“Babu Netwok” Ba Amsa Ba Ce

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i.

Akwai kalmomi biyu da suka zama bargon lulluɓe kowace irin gazawa a ƙasar nan: “babu netwok”. Ka je banki, babu netwok. Ka je yi wa yaro rajistar jarrabawa, babu netwok. Ɗan fansho ya taso daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranto don a tantance shi, a ce masa Baba ka dawo gobe, babu netwok. Mu kuma mun saba, sai mu ce Allah Ya kyauta mu juya, kamar an ce mana ruwa ne bai sauka ba. To amma ruwa na Allah ne. Netwok kuwa aikin mutum ne, an ba da kwangilarsa, an biya kuɗi, wani ya sa hannu cewa ya karɓi aikin lafiya.

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na zauna a kwamitocin karɓar irin waɗannan ayyuka daga hannun 'yan kwangila, kuma abin da na fahimta shi ne, sau da yawa in aka ce babu netwok, netwok ɗin yana nan daram. Wani abu ne daban ya lalace, kuma yana da suna.

Bari in kwatanta da abin da mu ma'aikata muka fi sani, wato tafiyar fayil.

Shafin da kake buɗewa a wayarka, ko manhajar da ma'aikaci yake dannawa a kan tebur, ba ita ke riƙe da bayananka ba. Ita masinja ce kawai. Bayanan suna can a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wasu kan ce uwar garke. Duk lokacin da ka danna, masinja ya ɗauki takardarka ya nufi wancan ofishin, ya jira amsa, ya dawo maka da ita. A wannan 'yar tafiyar akwai wurare da dama da zai iya maƙalewa.

Na farko hanya. Wayar tana da sabis? Akwai data? Wannan ne kaɗai ya cancanci a kira shi rashin netwok, kuma gane shi ba wuya: buɗe wani shafin daban. In ya buɗe, hanya lafiya take.

Na biyu adireshi. Kwamfutoci da lamba suke gane juna, ba da suna ba. Akwai wani tsari mai suna DNS, shi ne kamar littafin adireshi, yana mayar da sunan shafi zuwa lambar sabar. In aka canza wa saba mazauni ba a gyara littafin ba, masinja zai riƙa zuwa tsohon ofishi yana tarar da kufai.

Na uku ƙofa. Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba, kuma akwai katangar tsaro da ke zama kamar maigadi. Shafukan da aka kulle bayanansu da ƙofa ta 443 suke amfani. In maigadi ba a gaya masa ya buɗe ta ba, masinja zai yi ta tsayuwa a rana har lokacinsa ya ƙare. A nan ƙofar kuma ake duba takardar shaidar tsaro ta shafin, wadda take da ranar ƙarewa kamar lasisin mota. Ta ƙare ba a sabunta ba, wayarka za ta ƙi shiga.

Na huɗu, masinja ya shiga, an ba shi amsa. Amsar nan lamba ce, kuma kowa ya taɓa ganinta ko da bai kula ba. In ka ga 404, an duba ba a ga fayil ɗin da ka nema ba. 403, an san da fayil ɗin amma ba ka da iznin gani. 503, ofis ya cika maƙil ko an rufe ana gyara. 502 da 504, sakatare ya karɓi takardar ya shiga wurin oga, ko dai ya fito da amsar da ba ta da kan gado, ko oga ya yi shiru har aka gaji. Sai 500. Ita 500 ma'anarta takarda ta iso teburin da ya dace, amma ofishin da kansa ya rikice, ya kasa aiki da ita.

Ku riƙe wannan: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin lambobin nan, saƙonsa ya isa. Ai sai an je ake samun amsa. Don haka mai ganin 500 a allonsa ya ce maka babu netwok, ko bai sani ba ne, ko ba ya so ka sani.

Me ya sa na kawo wannan dogon bayani? Saboda ƙasar nan ta taɓa tsayawa cak a kan lambar 500.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya. Alkawarin da aka yi mana shi ne, da an gama ƙirga a rumfa, jami'i zai ɗauki hoton takardar sakamako, fom EC8A, da na'urar BVAS, ya ɗora a shafin IReV kowa ya gani. Rumfuna 176,846 ake da su. Da yamma ta yi, sakamakon sanatoci da na 'yan majalisar wakilai suna hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Na'ura ɗaya, jami'i ɗaya, a tsaye a wuri ɗaya. Ko yaro ya san ba sabis ba ne, don sabis ba ya zaɓen takarda.

A rahoton da hukumar INEC ta fitar a Fabrairun 2024, ta ce amsar da sabar ta riƙa mayarwa ita ce 500. Bayaninta shi ne, an tsara rumbun ne yana jera sakamako jiha-jiha. A ranar kujeru 470 ake nema: sanatoci 109, wakilai 360, shugaban ƙasa 1. Kowace kujerar majalisa tana ƙarƙashin wata jiha, sai tsarin ya san aljihun da zai saka ta. Ta shugaban ƙasa kuwa ba ta jihar kowa ba ce, ta ƙasa ce baki ɗaya. Da takardar ta iso, sai tsarin ya nemi jiharta ya rasa, ya tsaya. Rahoton ya ce sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta hau, bayan an yi gyara.

Ni ma'aikaci ne, ba zan shiga maganar wa ya ci wa ya faɗi ba, kotu ta riga ta yi nata. Na san kuma akwai miliyoyin da ba su yarda da wannan bayani ba har gobe. Amma ko mun ɗauke shi yadda aka faɗa, akwai abin dubawa. Tun Agustan 2020 ake amfani da IReV, daga zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya, har zuwa zaɓen gwamnonin Ekiti da Osun a 2022. Duk ya yi aiki. Sai dai duk waɗannan zaɓuɓɓuka ne masu jiha. Hanya ɗaya tilo da ba a taɓa bi da shi ba a zaɓe na gaske, ita ce wadda ƙasa gaba ɗaya ta zuba wa ido. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai JAMB a 2025. An saki sakamako ranar 9 ga Mayu, yara da iyaye suka yi ta kuka cewa makin nan ba nasu ba ne. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya ce lallai an samu kuskure. An yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai hau kan wasu sabobin da ke kula da Legas da jihohin Kudu maso Gabas ba. Wani ɓangare na aiki da sabon tsari, wani na aiki da tsoho. Cibiyoyi 157, ɗalibai 379,997, dole suka sake zama jarrabawa. Ka ga nan ma ba sabis ba ne. Aikin ɗorawa ne aka yi rabi aka bar rabi.

Kada wani ya ce ai mu ne ba mu iya ba. Ko Amurka, da ta buɗe shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama ranar 1 ga Oktoban 2013, mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Na'ura tana lalacewa a ko'ina. Bambancin yana wajen abin da ake yi kafin ta lalace, da abin da ake gaya wa mutane bayan ta lalace.

Irin wannan na faruwa a ƙananan ofisoshi kullum, ba dai ya shiga jarida ne. A wani wuri da na yi aiki, ɗan kwangila ya kawo mana manhajar tantance ma'aikata. Ya nuna mana a kwamfutarsa ta hannu, komai sumul, aka tafa. Ranar farawa mutane sun yi layi tun safe, wasu daga ƙananan hukumomi masu nisa, shafi ya buɗe amma da an danna ajiye sai ya yi ta juyawa. Nan take aka ce netwok ne, har an tura a sayo wani layin. Wata yarinya mai bautar ƙasa da aka turo sashenmu ta matso ta ce wa darakta, “Ranka ya daɗe, in an ba ni dama in duba kundin sabar.” Saba tana rubuta duk abin da ya same ta, layi-layi, da lokacinsa. Darakta ya ce, “Bismillah, 'yata.” Ba ta yi minti ashirin ba ta ɗago. Ashe a kwamfutar ɗan kwangila, manhajar da rumbun bayanan a na'ura ɗaya suke zaune, don haka adireshin da ya rubuta shi ne 127.0.0.1, lambar da a yaren kwamfuta take nufin “ni kaina, nan gida”. Da aka kwashe aikin zuwa sabar gaske, rumbun ya koma wata na'urar daban, amma adireshin bai canza ba. Manhajar tana ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta tana jiran wani ya amsa. Aka gyara layi ɗaya. Sai kuma aka tarar katangar tsaro ta rufe ƙofar rumbun, aka buɗe. Kafin Azahar layi ya fara tafiya.

Abin da ya burge ni da yarinyar, ba ta yi duba ba, ba ta yi hasashe ba. Mataki-mataki ta bi: hanya, adireshi, ƙofa, amsa, kundi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba rufin.

To me ya kamata mu riƙa nema, mu ma'aikata da ke sa hannu, da ku jama'a da ake yi dominku?

Kafin a karɓi aiki, a gwada shi a inda zai zauna, ba a kwamfutar mai kwangila ba. A gwada kowace hanya, musamman wadda ba a taɓa bi ba kuma ta fi kowace muhimmanci. A gwada shi da yawan mutanen da za su hau a ranar, don abin da ya ɗauki mutum goma ba lallai ya ɗauki dubu ɗari ba. In sabobi goma ne, wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar gyaran ya hau kowacce, ya sa hannu da sunansa. A ajiye hanyar komawa tsohon tsari in sabon ya ƙi. Kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa duka ranar da aka yanke kyalle, a riƙe wani kaso har sai aikin ya ga ranar cunkoso ya tsallake.

Sannan in abu ya lalace, a yi magana da wuri, a faɗi sunan ciwon. JAMB ta yi kwana biyar kafin ta amsa, kwana biyar masu nauyi ga yaron da ya yi shekara yana karatu, amma ta fito da lamba da dalili. INEC ta fitar da gajeriyar sanarwa washegarin zaɓe cewa tangarɗar na'ura ce, cikakken bayanin kuwa sai bayan kusan shekara guda. A wannan tsakanin kowa ya riga ya rubuta nasa labarin a zuciyarsa, kuma babu rahoton da zai goge shi. Gyaran saba awoyi ne. Gyaran yarda kuwa, har yau ba a gama ba.

Zaɓen 2027 na tafe, jarrabawa kuma kowace shekara ce, tantance 'yan fansho ma haka. Kullum ƙara mayar da rayuwarmu ake yi kan waɗannan shafuka, daga albashi har gurbin karatun 'ya'yanmu. Don haka in an ce maka babu netwok, kada ka yi faɗa da yaron da ke kan tebur, shi ma sau da yawa abin da aka ce ya faɗa ke nan. Cikin ladabi ka tambaye shi: Malam, wasu shafukan suna buɗewa? Wace lamba ta fito a allon? An sanar da masu kula da sabar? Tambaya uku ce kawai, amma ranar da muka yawaita yin ta, dole a fara tanadar mana amsa.

Masana harkar da ke cikin abokaina, ku ƙara mana haske a inda na taƙaita. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, Ya sa mu gama lafiya.